Abin da aka ce kan gyaran kalifar birkin babur a gida

Hirar ta tashi ne a rumfar wani bakanike a Tudun Wada, bayan wani ɗan acaɓa ya yi kukan birkin gabansa na riƙe taya. Masu Boxer mai birkin ganga suka yi shiru, ba ruwansu da kalifa, wato ƙarfen da ke matse faifan birki.

Kowa ya yarda ƙurar hunturun Zariya ce ke maƙale fistan da ke cikin kalifar, wanda ke tura takalmin birki. A fito da shi ta hanyar matsa hannun birki tun tiyo na haɗe, kada a ja shi da filaya. In tsatsa ta ci jikinsa har ta yi rami, a saya sabo, gogewa ba ta maganinta.

Inda aka fi jan magana wajen wanki ne. Wani ya ce fetur, dattijon rumfar ya girgiza kai: "Kai yaro, fetur da kananzir kumbura robar fistan suke yi." Da man birki ake wankewa, DOT 3 ko DOT 4, a duba murfin tankin man birkin. Ni ma nan na tsaya. Sabuwar roba, a shafa mata man kafin a mayar.

Sai fitar da iska daga tiyon har hannun birki ya yi tauri. Man yana cin fenti, a goge nan take.