Shawarwari kan Gina Samfurin Ƙwayoyin Zarra daga Shimfiɗu Masu Giftawa

Shawarar da ta fi ƙarfi wajen gina samfurin ƙwayoyin zarra ita ce mai bincike ya fara da ƙirga sau nawa shimfiɗu suke gifta juna. A nazariyyar zare (wadda ke ɗaukar mafi ƙanƙantar ƙwayoyi a matsayin zaruruwa masu kaɗawa) nau'in IIA, shimfiɗun D6 (wasu abubuwa masu faɗi ta fuskoki shida da bakin zaruruwan ke maƙalewa a kansu) suna naɗe cikin ɓoyayyun fuskoki shida na sarari, ƙari kan tsawo, faɗi da zurfi da muka sani, kuma inda biyu suka gifta juna, nan kwak da lefton, ƙananan ƙwayoyin da ake gina zarra da su, suke bayyana. Saboda haka mai neman zuriya uku (wato jeri uku na kwak da lefton), kamar yadda gwaji ya nuna, dole giftawar shimfiɗunsa ta zama sau uku cif. Ya kamata kuma a tabbatar cajin shimfiɗun ya soke juna tun da wuri. Abin da ya fi burge ni shi ne nauyin ƙwayoyin: gwargwadon faɗin alwatikar da shimfiɗu uku suka zana tsakaninsu, gwargwadon raguwar nauyin.