Kuloci: mu bar shi yadda yake, ko mu raɗa wa sassansa suna?

Mai tambaya:
Jama'a, ina neman taimako a kan kalma. Ina rubuta ɗan bayani da Hausa saboda masu ƙananan motoci, irin su Golf 3 da tsohuwar Corolla, waɗanda kulocinsu ya cinye, kuɗin gareji kuma ya fi ƙarfin aljihu, suna so su sauke giyabos a ƙofar gida su canza da hannunsu. Tun a layin farko na cije. Kalma ɗaya muke jifan abu huɗu da ita: abin da ƙafar hagu ke takawa kuloci ne, faifan da ke ƙonewa kuloci ne, ƙarfen da ke matse shi kuloci ne, har wayar da ke ja ma a bakin wasu kuloci ce. In na rubuta "je ka sayo kuloci", me mutum zai riƙo? Mai ɗan kuɗi kaɗan ba shi da halin sayen abu sau biyu.

Tsohon direba:
Ɗana, kada ka wahalar da kanka. Tun 504 na fitowa sabuwa fil daga kamfanin Fijo na Kaduna, wanda ya fara aiki a 1975, kuloci muke cewa, kuma mun tarar manyanmu na faɗa. Birki, giya, totur, sitiyari, duk baƙi ne da suka zama 'yan gida. Ka shiga kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ka nemi abu da sunan da ka ƙago jiya, kallonka kawai za a yi.

Mai tambaya:
Gaskiya ne, Baba, ni ma ba korar kuloci nake so a yi ba. 'Ya'yansa ne ba su da suna a bakinmu.

Bakanike daga Panteka:
Malam, kafin a raɗa suna a san jaririn. A bayan inji akwai wani ƙaton faranti na ƙarfe mai haƙora a gefe, wanda kik ke kamawa in za a tayar da mota. Fulawil muke ce masa. Faifai yana kwance a fuskarsa, da lainin a fuska biyu, tsakiyarsa kuma mai haƙora ce, a soke take a kan shaf ɗin giyabos. Sai ƙarfe na uku mai sifirin, wanda ke danne faifan a jikin fulawil har su zama abu ɗaya. Ka taka, boris, wato ɗan zoben ƙarfe mai juyawa, ya tura sifirin, dannewar ta saki, inji ya ci gaba da juyawa shi kaɗai, ka sa giyarka. Ka ɗaga ƙafa, su sake kamawa. Aikin ke nan kaf. In lainin ya cinye, za ka ba da wuta inji ya yi ta kuka mota ba ta ƙara gudu, musamman a hawa ko da kaya, ga ƙauri. Mai son tabbatarwa ya ja birkin hannu, ya sa giya ta uku, ya saki ƙafa a hankali. Mota mai lafiyayyen kuloci mutuwa za ta yi nan take. In injin ya ci gaba da aiki, faifai ya gama.

Malamar Hausa:
Maigida, bayaninka ya ba mu kalmar da kansa: ya kama, ya saki. Hausa na da wannan gini tuntuni, kai-komo, faɗi-tashi, shige-da-fice. Don haka kama-saki ba baƙon abu ba ne a kunne. Ba na ce a maye gurbin kuloci da shi ba, ina goyon bayan Baba a nan. Amma a rubutu, inda za ka gabatar da abin ga wanda bai taɓa leƙa ƙarƙashin mota ba, ka ce kuloci, wato kama-sakin da ke tsakanin inji da giya, ka gama masa bayani a numfashi ɗaya. Na so in kawo mahaɗi, sai na ga rabin aikin kawai ya faɗa, ya manta da rabuwar, alhali don rabuwar ake taka shi.

Shi kuwa ƙarfen da ke dannewa, ga hanyar da muka samu mabuɗi daga buɗe, madubi daga duba, matsefi daga tsefe. Daga matsa sai mamatsi.

Wani daga Maraɗi:
Malama, a wajenmu matsalar ta ninka. Garejinmu da Faransanci ya tashi, ambarayaj ake cewa, amma kayan da yawa daga Kano da Katsina suke shigowa, mai shago kuma kuloci ya sani. Kama-saki kowa zai gane, nan da can. Sai dai ni da marfi za a ce wa ƙarfen nan, tunda shi ke rufe faifan.

Bakanike daga Panteka:
Ɗan'uwa, marfi zai ɓatar da mai Golf. A Corolla da yawancin motoci haka ne, fulawil na jikin inji, faifai a kai, ƙarfen matsi ya rufe daga waje. Amma a Golf 2 da Golf 3 da yawa abin a juye yake. Ƙarfen matsin ne ake ɗaurewa a jikin karanshaf, faifai ya biyo, fulawil ya zo ya rufe su. Boris ɗin ma ba ya nan kusa, yana can ƙarshen giyabos a bayan wata 'yar murfiya, yana tura wani dogon siririn ƙarfe da ya ratsa ta cikin shaf. Wanda aka ce masa "kwance marfi" a wannan motar fulawil zai kwance. Sunan Malama ya fi, domin aikin ya faɗa, ba wurin zama ba. Ko ina aka ɗaure shi, matsawa yake yi.

Mai tambaya:
Wannan hujjar ta gamsar da ni, mamatsi ya zauna. Yanzu ga inda sunayen za su yi aiki. Maigida, mutum ya zo da kuɗin da ba su kai na saiti ba. Cikin faifai da mamatsi da boris, wanne zai bari?

Bakanike daga Panteka:
In da hali kada ya bar ko ɗaya. Wahalar ba a kayan take ba, a sauke giyabos take: cire kan batir, zubar da man giya, zare shaf biyu, kwance kik da wayar giya da kujerar inji, sannan mutum biyu su rungumo ƙarfe mai nauyin kilo 30 zuwa 40. Boris ne mafi araha a cikinsu, shi kuma mutane suka fi bari, bayan 'yan watanni ya fara kuka a sake sauke komai. Wannan kada a yi ciniki a kansa. Mamatsi ana iya mayar da tsohon in fuskarsa ba ta yi shuɗi ba, babu tsagewa, yatsun sifirin ɗinsa duk a jere suke kai ɗaya ba su cinye ba. Fulawil in ba shi da tsagi mai zurfi, a goge shi da samfefa a wanke da fetur kaɗan a bari ya bushe. Sai dai motocin dizal na baya-bayan nan da yawa suna da fulawil mai gida biyu da sifirin a ciki, irin wanda kamfanin LuK ya fito da shi a 1985. Wannan in ya yi lako-lako sai sabo, kuma ya fi sauran kayan tsada.

Faifai kuma hanya uku ce. Sabo na kamfani irin Valeo, Sachs, Exedy ko Aisin, in an dace da na gaske, don jabu ya yi yawa. Ko na Beljiyam, a duba kan ƙusoshin da suka riƙe lainin, in sun kusa fitowa fili a ajiye shi. Ko a kai tsohon a buga masa sabon lainin, wanda shi ne mafi sauƙin kuɗi, amma sai sifirin ɗin tsakiyarsa ba sa karkarwa a hannu. Kowanne za a saya, a tafi da tsohon kasuwa, a gwada faɗi, a ƙirga haƙoran tsakiya.

Tsohon direba:
Ku rubuta wannan da manyan baƙaƙe kafin duk wani suna: kada mutum ya shiga ƙarƙashin mota tana kan jak kaɗai, kada kuma ya ɗora ta a kan bulo. Bulo ba ya gargaɗi, rugujewa yake yi lokaci ɗaya. A samu ƙafafun ƙarfe ko kututturen katako mai kauri, a sa waigi a tayoyin baya, a kan ƙasa mai tauri. Ƙurar cikin kuma kada a hura ta da baki, a share da jiƙaƙƙen tsumma, tsofaffin lainin na da guba ga huhu.

Malamar Hausa:
Baba ya yi gaskiya, wannan shi ne farkon shafi. Saura abu ɗaya da na ji ana yi, wai sai an daidaita faifan da wani ƙarfe kafin a ɗaure. Yana da suna?

Bakanike daga Panteka:
Mu tsohon shaf ɗin giyabos muke sokawa, Malama. A gida ana iya fere sanda daidai ramin, a naɗa mata salatif har ta cika. In faifai bai zauna tsakiya ba, giyabos ba zai shiga ba ko za a kwana ana turawa, kuma kada a kuskura a jawo shi da noti, faifan zai lanƙwashe. A duba rubutun da ke nuna fuskar da ke kallon fulawil. A ɗaure notocin mamatsi kaɗan-kaɗan, wannan sannan wanda ke fuskantarsa ta ɗaya gefen, har su zauna tare. Giris ɗan ƙanƙani a haƙoran shaf kawai, hannu mai maiƙo kada ya taɓa lainin. In an ga baƙin mai na tsattsafowa ta bayan inji, a canza robar wurin tun giyabos na ƙasa, in ba haka ba sabon faifan zai jiƙe ya fara zamewa.

Malamar Hausa:
To sandar nan madaidaici ce, daga daidaita.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai. Ga yadda zan rubuta. Kuloci na nan a matsayin sunan duka, a gabatar da shi sau ɗaya da kama-saki. Na ƙafa matakin kuloci, sai wayar kuloci, ko man kuloci ga motar da ke aiki da mai kamar Corolla. A ciki akwai faifan kuloci, mamatsi, da boris ɗin saki. Fulawil na bar shi yadda yake, tunda babu abin da ake rikita shi da shi. Madaidaici zan sa tare da bayanin sandar. A shafin ƙarshe zan jera kowane suna kusa da wanda ake faɗa a shago, mai saye ya nuna wa mai kaya. Maigida, in na gama zan turo maka ka duba sashen Golf kafin in fitar.