Littafin koyon Sifaniyanci da kanka yana aiki kuwa, ko kuɗina na zubar?

Ɗan Kurna:
Salam jama'a, masu sani don Allah ku taimaka. Wata uku ke nan da na sayi wani littafin koyon Sifaniyanci a wajen masu tsofaffin littattafai, irin mai cika bakin nan wai kwana 30 ka iya, bayaninsa duk da Turanci, a bangon baya akwai ɗan aljihun CD amma wayam ba komai ciki. Na kai darasi na 14, hablo hablas habla na haddace su har cikin barci, amma ranar da na kunna hirar wani ɗan wasa bayan wasan La Liga wallahi ban tsinci komai ba sai gracias. So nake baɗi in nemi digiri na biyu a Sifen in Allah ya yarda. Littafin ne ba kyau ko kaina ne? In sayi wani ko in haƙura in nemi malami?

Baƙon Almeriya:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa, kanka lafiyarsa ƙalau, CD ɗin nan da babu shi ne rabin littafin. Yaren bai da wuyar karantawa, wasula biyar ne irin namu, r ɗin da Turawan Ingila ke fama da ita mu a bakinmu take, amma ido kaɗai ba zai gaya maka cewa h ba a furta ta ba, j kuma kamar kha ta Larabci take. Ni da littafina a jaka na sauka nan kudancin Sifen ina ji da kaina, sai na tarar mutanen Andalusiya haɗiye s ɗin ƙarshen kalma suke, más o menos sai ka ji ma o meno, na yi sati biyu ina gyaɗa kai kawai kamar ƙadangare. Amma kar in zalunci littafi, shi ya raba min ser da estar, fi'ilai biyu masu ma'anar to be ta Turanci, soy listo ni mai wayo ne, estoy listo na shirya, wannan ba mai tsayawa a wurin aiki ya yi maka bayaninsa.

Na Damagaram:
Mu nan masu Faransanci hanyar ta ɗan fi mana sauƙi don nahawun ɗan uwan juna ne. Nawa littafin gajerun hirarraki ne, shafi ɗaya kullum bayan asuba, in saurara in maimaita da ƙarfi har yara na min dariya. Sai dai a kula da kalmomi masu kama, salir a Faransanci ɓata abu da dauɗa ne, a Sifaniyanci fita. Ku ma masu Turanci kar kunya ta kama ka ka ce embarazada don ta yi kama da embarrassed, mai juna biyu ke nan 😂

Maman Ɗalibai:
Malam tunda karatu za ka ka manta da zancen kwana 30, talla ce. Ka nemi wanda aka rubuta matakinsa a bango, A1, A2, B1 haka, don da su ake auna jarrabawar DELE ta shaidar iya Sifaniyanci, wadda cibiyar yaren ta Sifen, Instituto Cervantes, ke shiryawa, kuma kwas ɗin da ake koyarwa da Sifaniyanci yawanci B2 suke nema. Ka buɗe baya ka ga akwai amsoshin atisayen, in babu ajiye musu abinsu, wa zai yi maka maki? Na yanzu da yawa ana sauke sautin a waya. Abin da ke ba ni haushi da bayanin Turancin nan, sai a cinye shafi uku ana fahimtar da mutum cewa kalma na da jinsi, alhali Bahaushe da ne da ce ya tashi, kuma yawancin masu ƙarewa da a mata ne kamar dai a Hausa, la casa, la mesa, masu bauɗewa irin el día kuma ai mu ma muna da gida da ruwa. Ga azúcar (sukari) da aceite (mai) da ojalá (Allah ya sa) duk daga Larabci. Sannan duba min, akwai vosotros, wato "ku" ta jam'i da ake cewa a Sifen, a jadawalin fi'ilan naka?

Ɗan Kurna:
Hajiya na duba yanzun nan, babu shi, ustedes kawai. Mota ma carro aka sa, kwamfuta computadora.

Baƙon Almeriya:
To na Latin Amurka ka saya. Nan coche muke cewa da ordenador. Za a gane ka, kar ka yar da shi, ka dai ƙarasa sannan na biyun ka tabbata bugun Sifen ne, kuma ka sa mai shagon ya kunna maka sautin kafin ka zaro kuɗi.