Wai ana karrama ɗaliban mastas masu aiki kan al'adu kuwa?

Yar_Kaltungo: Salam jama'a. Ƙanwata na mastas a ilimin halayyar ɗan Adam, wata shida tana zirga-zirga Billiri da Kaltungo tana fassara tambayoyin gwajin ciwon damuwa zuwa Tangale, har tsofaffi take zama da su a ƙarƙashin bishiya don ta ji yadda suke faɗin abin da bakinsu, amma ranar difens, wato ranar kare bincikenta a gaban malamai, ko sannu ba wanda ya ce mata. Akwai inda ake ba irinsu lambar yabo ne?

Malam_Bolari: Wa'alaikissalam Hajiya. A Amurka dai akwai, ƙungiyarsu ta masana ilimin halayyar ɗan Adam, APA, tana da reshe na 45 da ke kula da al'adu da ƙabilu, kuma tun 1974 suke da tallafin karatu na ɗalibai ƴan tsiraru. Mu nan kuwa sai dai supabaiza ya sa sunansa a gaba a pepa, hmm.

Dan_Dass: Gaskiya aikinta ba ƙarami bane. Ni Bajari ne, kakata in ka ce mata "damuwa" sai ta ce lafiyarta lau, amma ka tambaye ta barci da cin abinci, nan zata buɗe maka komai. Ai marigayi Farfesa Lambo, likitan ƙwaƙwalwa a Aro, Abeokuta, tun 1954 ya fara haɗa kai da masu maganin gargajiya, duniya ta san shi da haka.

Yar_Kaltungo: Allah sarki kaka 😂 Malam ni ko satifiket ɗin kwali ne su ba ta a dipatmen wallahi zata ji daɗi, kuɗin mota kaɗai ta ci na babur guda.