Bikin giyar inabi na Bad Dürkheim: me wanda ba ya sha zai kiyaye?

Ɗan Kura: Assalamu alaikum 'yan'uwa mazauna Jamus. Abokan aiki sun shirya fita zuwa Wurstmarkt a Bad Dürkheim cikin Satumba, har da zaman ɗanɗane da cin abinci. Ni ba na shan giya, ba na cin alade. Don Allah wanda ya san wurin ya yi min bayani: me ake yi, me zan iya sha, me zan guje wa?

Baban Iman: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, kada sunan ya ruɗe ka. Wurstmarkt na nufin kasuwar tsiran alade, amma a zahiri bikin giyar inabi ne, kuma shi ake kira mafi girma a duniya, mutum sama da 600,000 ke zuwa. Ana yin sa a ƙarshen mako na biyu da na uku na Satumba. Daga Mannheim akwai jirgin taragu da ke kai wa har cikin garin.

Abin da ya fi kama mutanenmu shi ne Federweisser. Ruwan inabi ne sabon matsa, fari-fari kamar kunun zaƙi, ga daɗi ga kumfa, shi ya sa ake ɗaukar sa lemo. Ba lemo ba ne. Yis yana cikinsa yana cinye sukari yana mayar da shi barasa. Ana fara sayar da shi barasar tana kusan kashi 4 cikin 100, kuma kullum ƙaruwa take har ta kai wajen 11. Ga alamarsa: murfin kwalbar ba a ɗaure yake ba, don iska ta riƙa fita, shi ya sa ake ajiye ta a tsaye. A yankin Pfalz, inda Bad Dürkheim yake, za ka ji suna ce masa Neuer Wein, duk abu ɗaya ne.

Na biyu, kalmar Schorle. A wannan bikin in ka ce Schorle kawai, giyar Riesling za a haɗa maka da ruwa mai gas a babban kofin nan mai ramuka, Dubbeglas, rabin lita cif. Sai ka faɗi cikakken suna: Traubensaftschorle, wato ruwan inabin da bai tsimu ba (Traubensaft) haɗe da ruwa mai gas, ko Apfelschorle na tuffa. Ka tsaya ka ga an zuba. Akwai kuɗin jingina na kofi, Pfand, da ake mayar maka in ka dawo da shi.

Maman Hanif: Ƙari a kan na Baban Iman. Abin da aka rubuta wa alkoholfrei a Jamus yana iya ɗauke da barasa har kashi 0.5, domin giya ce aka yi sannan aka cire barasar. Wanda ba ya son abin da aka yi daga giya ya tsaya kan Traubensaft.

Abinci kuwa nan ne aikin yake. Saumagen tumbin alade ne da aka cusa wa nama da dankali. Bratwurst (gasasshen tsiran alade) da Leberknödel (curin hanta) na yankin duk akwai alade a ciki. Waɗannan a fili suke. Na ɓoye su ne matsalar: Zwiebelkuchen, fanken albasar da ake ci da Federweisser, ana zuba masa ƙananan yankan kitsen alade, Speck, haka ma Flammkuchen, siririn burodi mai kama da pizza, in ba ka ce vegetarisch (marar nama) ba. Sauerkraut, kabejin da aka tsima, sau da yawa da giya da Speck ake dafa shi. Dampfnudel burodi ne mai laushi, amma miyarsa ta gargajiya Weinsoße ce, wadda da giya ake yi, sai ka nemi ta vanilla. Soyayyen kifi ma ka tambaya, wasu da giyar sha'ir suke kwaɓa fulawar. Dafaffen dankali da farin cuku ko soyayyen dankali sun fi sauƙi. Tambaya biyu ka riƙe: "Ist da Speck drin?" (akwai kitsen alade a ciki?) da "Ist da Wein drin?" (akwai giyar inabi a ciki?)

Malamin Unguwa: Ɗan Kura, a raba abu biyu. Filin bikin daban, akwai lilo da rumfunan alewa da iyalai. Zaman ɗanɗane, Weinprobe, daban: a zauna a tebur, a kawo giya kala biyar ko shida kaɗan-kaɗan, a fara da fara kafin ja, marar zaƙi kafin mai zaƙi, a duba launi, a juya kofi a shinshina, a kurɓa, wasu su tofar a bokiti. Tofarwar ba ta sa ya halatta gare ka. Kuma akwai hadisin da Tirmizi ya ruwaito da ya hana mai imani da Allah da Ranar Lahira zama a teburin da ake zagayawa da giya. Shawarata, ka faɗa wa wanda ya shirya fitar tun yanzu, kafin a biya kuɗin kujerarka, cewa ba za ka shiga Weinprobe ba. Jamusawa sun fi girmama a'a ta gaskiya da wuri a kan uzurin ranar tafiya.

Baban Iman: Haka ne Malam. Wani abu kuma, da yake kai ne ba ka sha ba, za su so ka tuƙa su gida. Ka duba tukuna ko inshorar motar ta yarda da direban da ba mai ita ba. In bai tabbata ba, kowa ya bi jirgi.