Kwana biyar a Zanzibar da iyali: ta ina ya kamata mu fara?

Abu Hanifa, Kano

Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa zuwa Zanzibar ko suka zauna a ƙasar Tanzaniya. Na samu hutun mako guda a wurin aiki, kuma ni da maiɗakina mun tsayar da shawarar mu kai ziyara wannan tsibiri tare da 'yarmu mai shekara huɗu. Idan aka fitar da ranar tafiya da ranar dawowa, abin da zai rage mana bai wuce kwana biyar ba. Mun zaɓi Zanzibar ne saboda mafi yawan mutanenta Musulmi ne, don haka muna sa ran ba za mu sha wahalar abinci ko wurin salla ba.

Zan iya ɗaukar hutun a watan Afrilu ko a watan Agusta, ban san wanda ya fi dacewa ba. Ina kuma so in san yadda ake samun biza da fasfon Najeriya, da inda ya kamata mu sauka, da kuma ko lokacin zai ishe mu mu leƙa tsibirin Pemba, domin na ji ana yabon kyawunsa. Allah Ya saka da alheri.

Hajiya Maman Sadiƙ, Abuja

Wa alaikumus salam, Malam. Kafin ka biya kuɗin jirgi ko na masauki, ka fara da biza, domin nan ne mutanenmu suka fi samun matsala. Zanzibar tana da shugabanta da majalisarta, amma tun haɗewarta da Tanganyika, wato ɓangaren Tanzaniya da ke kan nahiyar, a ranar 26 ga Afrilu, 1964, harkar shige da fice tana hannun gwamnatin tarayyar Tanzaniya, saboda haka bizar Tanzaniya za ku nema. Najeriya tana cikin jerin ƙasashen da ba a bai wa 'yan ƙasarsu biza a filin jirgi, haka ma Nijar da Chadi. Ana cike takardar neman ta intanet, sannan a jira amincewar hukumar shige da fice ta ƙasar, kuma wannan jiran yakan ɗauki makonni. Shawarata ita ce ku nema tun ana saura wata biyu, kowa da tasa takardar har da yarinyar, kuma ku kama masaukin da za a iya fasawa ba tare da asarar kuɗi ba.

Akwai wasu takardu biyu da ake yawan mantawa da su. Ɗaya ita ce katin rigakafin cutar shawara, wanda ake tambayar duk wanda ya fito daga ƙasa irin tamu. Ɗayar kuma inshorar baƙi ce da gwamnatin Zanzibar ta wajabta tun 1 ga Oktoba, 2024, wadda ake saya daga kamfanin inshora na gwamnatin tsibirin a kan dala 44 ga babban mutum, ko da kuwa mutum yana da wata inshorar tafiya tasa. Ku saye ta tun daga gida, ku buga shaidar a takarda.

Game da wata kuwa, ka manta da Afrilu. Daga Maris zuwa Mayu ne babbar daminarsu, ruwan kuma ba irin namu ba ne da yake zuba awa ɗaya ya ɗauke. Yakan wuni yana sauka, har wasu masaukan bakin teku sukan rufe ƙofa a wannan lokacin. Mai mako uku zai iya haƙuri da kwana biyu na ruwa, amma mai kwana biyar ba shi da wannan sararin. Daga Yuni zuwa Oktoba sama tana bushe, zafi kuma da sauƙi, sai dai Agusta lokaci ne na cikar baƙi daga Turai, kuma farashin masauki yana tashi. Jirgin Ethiopian Airlines yana tashi daga Kano zuwa Addis Ababa, daga can kuma akwai mai zuwa Zanzibar, saboda haka ba sai kun bi ta Legas ba.

Malam Ɗanjuma, Zariya

Na zauna a Dar es Salaam saboda aiki, kuma ina goyon bayan duk abin da Hajiya ta faɗa. Abin da zan ƙara shi ne ka cire Pemba daga lissafi. Tsibiri ne mai kyau ƙwarai, a can ne ma aka fi noman kanumfari, amma zuwa da dawowa za su cinye maka kusan kwana biyu, ga shirya kaya da kwance su da ƙaramar yarinya a hannu. Babban tsibirin, wanda mutanen wurin suke kira Unguja, ya ishe ku har ya yi saura.

A ganina ku ba tsohon garin, wato Stone Town, kaso mafi tsoka na lokacinku. Rairayin bakin teku ana samun irinsa a wurare da yawa na duniya, amma wannan gari ba shi da na biyu, shi ya sa hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a shekarar 2000. Lungunansa matsattsu ne, mota ba ta shiga mafi yawansu, kuma wanda ya saba da cikin birnin Kano ko na Zariya ba zai ji baƙunta ba idan ya ga dattawa zaune a dakalin ƙofar gida suna shan gahawa bayan la'asar. Ku lura da ƙofofin katako masu sassaƙa, domin da yawansu suna ɗauke da ayoyin Alƙur'ani a samansu. A bakin ruwa akwai tsohuwar ganuwar da Larabawan Oman suka gina bayan sun kori Turawan Fotugal, kusa da ita kuma akwai Beit al-Ajaib, fadar da Sarki Barghash ya gina a 1883. Wani ɓangare na wannan fada ya rufta a watan Disamba na 2020, don haka kada ku ɗora ran shiga ciki sai kun tambaya a can.

Wurin da nake roƙonka kada ka tsallake shi ne tsohuwar kasuwar bayi, wadda aka rufe a 1873, aka gina majami'ar Angilikan a filinta. Akwai ɗakunan ƙarƙashin ƙasa da ake nuna wa baƙi, da zauren da aka baje tarihin fataucin. Arzikin da ya gina waɗancan kyawawan gidaje ya fito ne daga hauren giwa da kanumfari da kuma mutanen da aka kamo daga cikin nahiyar, musamman bayan da Sarkin Oman, Sayyid Sa'id, ya mayar da fadarsa daga Maskat zuwa Zanzibar, kuma mafi yawan masu wannan fatauci Musulmi ne. Wannan magana ce mai nauyi a gare mu, kuma ina ganin bai dace mutum ya yaba ƙofofin ya kau da kai daga inda kuɗinsu ya fito ba. Ɗakunan suna da duhu da ƙunci, gara ɗayanku ya tsaya da yarinyar a waje, ku shiga bi da bi.

Da magariba ku gangara lambun Forodhani, inda ake kafa teburan abinci a bakin ruwa. Akwai nama a tsinke mai kama da tsire, da kifi, da ruwan rake da aka matse da citta da lemun tsami. Ku tambayi farashi kafin a zuba muku, ku kuma zaɓi abin da aka gasa a gabanku. Rabin yini guda ku ware shi don gonakin kayan ƙamshi da ke wajen gari, inda za ku ga kanumfari da kirfa da masoro a jikin bishiyarsu.

Umman Walid, Kaduna

Malam Ɗanjuma, Allah Ya ƙara sani, amma ina da ɗan saɓani da kai a kan rabon kwanakin. Yarinya 'yar shekara huɗu ba za ta jure yawon lunguna a ƙafa kwana uku a jere ba, kuma uwarta ce za ta ɗauki wahalar. Kwana biyu a tsohon garin sun isa a ga kasuwar bayi da Forodhani da kasuwar Darajani, har a shiga kwalekwale zuwa tsibirin Changuu, inda ake kiwon manyan kunkurun da aka kawo kakanninsu daga Seychelles, waɗanda na tabbata su ne abin da yarinyar za ta fi tunawa. Sauran kwana ukun a yi su a bakin teku, a masauki ɗaya, ba tare da sauye-sauye ba.

Zaɓen bakin tekun ma yana buƙatar sani. A gabashin tsibirin, wajajen Paje da Jambiani, ruwa yana janyewa nesa ƙwarai sau biyu a kowace rana, har mutum ya yi tafiya mai tsawo a kan yashi kafin ya iske shi, a lokacin ne matan ƙauyen suke fita aikin gonakin ciyawar teku. Abin kallo ne, wurin kuma ya fi natsuwa, amma wanda ya zo don ya shiga ruwa sai ya riƙa bin jadawalin cikowa da janyewarsa. A arewa kuwa, Nungwi da Kendwa, ruwan ba ya yin nisa sosai, ana iya shiga kusan kowane lokaci, tafiyar kuma kamar awa ɗaya da rabi ce a mota daga gari. Sai dai ina so maiɗakinka ta san wani abu tun daga gida: kasancewar mutanen tsibirin Musulmi bai hana manyan masaukan arewa sayar da giya da kaɗe-kaɗen dare ba, baƙi kuma suna yawo da kayan wanka kamar yadda suke yi a ƙasashensu. Idan wannan zai dame ku, ku nemi ƙaramin masauki a gabas, ku rubuta musu ku tambaya ƙarara ko suna da mashaya. Idan kun zaɓi gabas ɗin, dajin Jozani yana kan hanyarku, kuma a nan ake ganin jan birin da Zanzibar ta shahara da shi. Kada a manta da maganin sauro da man kariya daga rana, domin yara suna ƙonewa a bakin teku ba tare da an lura ba.

Abu Hanifa, Kano

Na gode ƙwarai, Allah Ya bar zumunci. Mun tsaya a kan Agusta, mun ajiye maganar Pemba, kuma maiɗakina ta fi karkata ga gabas bayan ta karanta bayanin Umman Walid. Saura tambaya biyu. Na ga tikitin Dar es Salaam ya ɗan fi sauƙi, shin ya dace mu sauka a can mu ƙarasa a jirgin ruwa? Sannan wane irin kuɗi ya kamata mu riƙe?

Malam Ɗanjuma, Zariya

Umman Walid ta fi ni gaskiya a kan yarinyar, na karɓi rabonta. Game da jirgin ruwa, tafiyar kamar awa biyu ce, jiragen kuma masu kyau ne, amma a watan Agusta iskar kudu tana kaɗawa, teku yakan yi tsauri, masu raunin ciki kuma sukan sha amai. Idan ka haɗa da cunkoson motoci daga filin jirgin Dar es Salaam zuwa tashar ruwa, da yiwuwar ku rasa jirgin ƙarshe na yamma ku kwana a birnin, za ka ga ragin da ka samu ya tafi. Ku sauka kai tsaye a filin jirgin Abeid Amani Karume, wanda yake 'yan mintoci kaɗan daga tsohon garin.

Kuɗin ƙasar shilin ne, kuma da shi za ku yi cinikin yau da kullum. Ku riƙe dala sababbin bugu masu tsafta, domin masu canji sukan ƙi karɓar tsofaffi, ku canza abin da zai ishe ku tun kuna cikin gari, saboda na'urorin cire kuɗi ba su da yawa a ƙauyukan bakin teku. Kada ka dogara da katin bankinka na naira sai ka tabbatar daga bankin cewa zai yi aiki a waje.

Agogonsu yana gaba da namu da awa biyu, kuma a magana ta yau da kullum suna fara ƙirga awoyi ne daga ƙarfe shida na safe, ta yadda abin da direba zai kira ƙarfe biyu shi ne takwas a agogonka bayan ka saita shi a kan lokacin can. Duk alƙawarin da za ku yi da direba, musamman na ranar komawa filin jirgi, ka rubuta masa lokacin da lamba, ka nuna masa a fuskar wayarka.

Masallatai suna ko'ina a cikin gari, kuma mafi yawan jama'a mabiya mazhabar Shafi'iyya ne, tare da 'yan Ibadiyya da Shi'a kaɗan. Za ka ji liman yana bayyana Bisimilla a Fatiha, a sallar asuba kuma yana yin ƙunutu a bayyane bayan ɗagowa daga ruku'u, saɓanin yadda muka saba a Malikiyya. Ba kowane masallaci ne yake da sashen mata ba, don haka ku tambayi mai masaukinku wanda ya fi kusa da yake da shi. Idan ka tsara kwanakin yadda Juma'a za ta riske ku a tsohon garin, ka fita da wuri, domin masallatan suna cika tun kafin liman ya hau mumbari.