Firintata tana tsayawa a tsakiyar aiki, ƙarin memori zai yi magani?

Mai Shago Jahun:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da ɗan shagon buga takardu a Jahun. Firintata HP LaserJet P2055dn ce, ta hannu na saya, kuma a kan rubutu zalla ba ta taɓa ba ni kunya ba. Makon jiya wani hedimasta ya kawo tambayoyin jarrabawa da aka yi wa sikanin, shafi 40, cike da taswira da zanen lissafi. Sai ta fitar da shafi biyu ta yi shiru tana ƙifta fitila, janareta kuwa yana ta shan mai. Bawan Allah nan tun hantsi yake kan benci har la'asar, ga shi daga ƙauye ya taho a babur. Wallahi na ji nauyinsa ƙwarai. An ce in ƙara mata memori. Kafin in kashe kuɗin mota zuwa Kano, shin hakan zai yi?

Injiniya Ringim:
Wa'alaikumus salam Malam. Zai taimaka. Takardar sikanin hoto ce, firinta sai ta haɗa shafin a cikin memorinta kafin ta ɗora shi a takarda. Taka tana zuwa da 128MB, akwai gurbi ɗaya da za a sa 256MB, ta zama 384MB, iyakarta ke nan. Amma ka kula: nata memorin nau'in DDR2 ne mai ƙafa 144. Na laftof mai ƙafa 200 ne, ba zai shiga ba, kada wani ya ce maka duk ɗaya ne. Ka fara buga shafin bayanin injin ka ga abin da ke ciki, ka tafi da shi Beirut Road a Kano, inda ake sayar da kayan kwamfuta. Wajen sawa ka kashe ta, ka zare waya, ka taɓa ƙarfe tukuna, sannan kada yatsanka ya taɓa ƙafafun zinaren. Da hunturun nan ka fara kakkaɓe ƙurar gurbin.

Maman Khalifa:
Ni dai kafin ka sayi komai, sauke ingancin bugun daga dpi (yawan ɗigo a kowane inci) 1200 zuwa 600. A ofishinmu da haka muka samu sauƙi. In kai za ka yi sikanin, baƙi da fari a 300 ya wadatar wa takardar jarrabawa.

Mai Shago Jahun:
Allah ya saka da alheri. Hajiya, na gwada 600 da daddare, shafi 40 ɗin sun fita, sau biyu kawai ta ɗan tsaya. Duk da haka zan sa memorin, domin ƙarshen zango makarantu huɗu ke kawo min aiki. Injiniya, in na samu na hannu in karɓa?

Injiniya Ringim:
Karɓi, amma da sharaɗin za ka mayar in bai yi ba. Bayan ka sa, sake buga shafin bayanin, ka tabbatar ya nuna 384.